Muryar da Surukina Yake Kuka a Kanta Tawa Ce

Assalamu alaikum Anti mai shafi, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da mu? Ina gaida masu karatu manya da ƙanana. Don girman Allah a ɓoye sunana. Wanda kuma zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don duk zagin da zai yi na riga shi yi wa kaina, nawa ma ya fi nasa muni. Shawara nake nema da gaggawa, saboda akwai tsohon da ke shirin hawa hanyar da ba kowa ke dawowa ba, kuma ƙaryata ce za ta ɗora shi a kai.

Ni 'yar Bakura ce, aure ya kawo ni Talata Mafara. Maigidana shinkafa yake saye wajen manoman rani yana kaiwa Kudu. Maganar ta 'yar farinmu ce. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama da shi, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka ni ma na yi. Ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, "ke" nake ce mata, ita kuma ta ce mini Anti. A nan zan kira ta Amarya, don haka kakanta yake tsokanarta. Kakan nan, Baba, mahaifin maigidana ne. Daga Gidan Goga aka ɗauko shi bayan 'yan bindiga sun shiga garin, ya zo mana da rigar jikinsa da wata tsohuwar rediyo da aka ɗaure bayanta da roba, kuma tun ranar kunnensa ɗaya ba ya ji sosai.

Da korona ta zo aka rufe makarantu aka rufe hanyoyi, maigida ya maƙale a Kudu. Amarya tana aji biyu lokacin. Gidan rediyo ya fara darasin yara da hantsi, kuma wallahi Baba, mutumin da bai san harafin boko ko ɗaya ba, shi ya ɗauki abin a kansa. Ya daina jin labaran safe da yake so kamar me, don kada batir ya mutu kafin darasi. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ƙwala kira, "Ina amaryata? Taho, ga malamin akwati nan ya iso!" Malamin rediyo ya ce a maimaita, su maimaita tare, shi da farin gemunsa yana karya harshe, ita tana ƙyalƙyala dariya tana cewa, "Tsoho, ba haka anka ce ba!" Ta rubuta a ƙasa da tsinke, shi ya tsare kaji kada su taka mata. A hankali take tafiya amma tana tafiya, har ta fara haɗa baƙi da wasali.

Sai makarantarsu ta buɗe guruf na iyaye a waya. Malama ta turo shafi ta ce kowane yaro ya karanta, a ɗauki muryarsa a turo. Nan fa mata suka samu wajen baje koli. Wannan ta turo na ɗanta a yi ta masha Allah, waccan ta turo na 'yarta a yi ta tafi. Har wata maƙwabciyata ta rubuto, "Maman Amarya shiru muka ji, ko har yanzu kaka ne malamin?" ta sa hoton dariya. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in zaunar da 'yata in koya mata, na yi sakandare, na iya. To amma ta yaya zan zauna gwiwa da gwiwa da 'yar fari surukina yana kallo? Abin da na gaya wa kaina ke nan. Gaskiyar ita ce kunyar nan wurin ɓuya na mai da ita, ƙyuya ce kawai da son a yaba mini. Ni kuma tun ina yarinya na iya kwaikwayon murya, da shi nake ba ƙawaye dariya a gidan biki. Rannan bayan azahar na shiga ɗakin da muke ajiye buhuna, na turo ƙofa, na ɗan matse hanci, na siranta murya, na karanta shafin nan tas ina ɗauka a waya, na tura guruf da sunan Amarya. Har tuntuɓe na yi a kalma ɗaya don ya yi kama da na yaro. Ku duba fa, har tuntuɓen ma tsara shi na yi! Ƙatuwar mace da 'ya'yanta, tsugune tsakanin buhunan shinkafa tana muryar 'yar firamare.

Guruf ya ɗauka. Malama ta ce kowa ya yi koyi da Amarya, maƙwabciyata ta yi tsit, ni kuma daɗi ya kwashe ni. Wani mako aka turo wani shafin na sake shiga ɗakin buhuna, na sake, na sake, aikin rubutu ma da hannun hagu nake yi mata. Mafi ƙazanta a ciki, ni da ƙafata na kai wa Baba wayar, na durƙusa na ce, "Baba, ji karatun jikarka." Ya kara a kunnen da ke ji, ya saurara har ƙarshe, sai ga hawaye. Ya ce, "Wagga amaryata ta? Allahu akbar! Ashe zamanmu bai tahi banza ba." Amarya tana tsaye a wajen. Ta ɗago ta dube ni, na watsa mata harara ɗaya, ta sunkuyar da kai. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kan abin nan ke nan, ni da ita. Baba ya sa aka tura masa muryar a 'yar ƙaramar wayarsa, ya shiga yawo da ita. Ƙofar masallaci, teburin mai shayi, kasuwa ranar Talata, duk wanda ya gaishe shi sai ya ji karatun amaryarsa.

Da aka koma makaranta suka ce yarinya mai wannan ƙwaƙwalwa ba ta aji uku ba ce, suka tsallakar da ita aji huɗu. Ranar farko aka ce ta miƙe ta karanta wa 'yan aji su ga misali. Ta tsaya da littafi a hannu, ko kalma ɗaya. Aka ce taurin kai ne, aka zane ta, ta dawo gida da sawun bulala a ƙafa. Nan ne ya kamata in buɗe baki, ko ba haka ba? Ban buɗe ba. Matan unguwa ne suka buɗe nasu, suka ce yarinya tana zuba karatu rana ɗaya ta kulle, ai wannan kambun baka ne, baki ya kama ta, kuma wa ya yi ta tallan muryarta lungu-lungu? Maigida ya dawo ya tarar da maganar ta nuna. Ina kawo musu abinci zaure na ji yana ce wa mahaifinsa, "Baba, kai ka yi ta nuna ta ga mutane, ga abin da ya jawo." Baba bai musa ba. Ya ce, "Gaskiyarka. Ni ad da laihi, bakina yac ci ɗiyag ga." Na ajiye kwano na ce a ci lafiya, na juya. Wace irin mace ce ke iya wannan?

Shekarun nan duk a haka muka ci su. Rubutun sha, hayaƙi, wankan saiwa, malamin Garbadu, malamin Bakura, babu wanda ba a gwada ba. Ni nake wanke allon, ni nake riƙe mata kofi tana yamutsa fuska tana haɗiyewa, ni nake lulluɓe ta da zane a kan kasko tana tari, alhali na san lafiyarta ƙalau, aji ɗaya aka tsallake mata, sannan aka bi ta da bulala. Yanzu ko littafi ta gani sai harshenta ya sarƙe. Baba kuwa ya daina kiranta amarya. Ya daina yabonta, ko kwalliyar Sallah ta yi sai ya kau da kai, wai kada bakinsa ya ƙara mata. Rediyon tana rataye a ƙusa ta yi ƙura. Abin da yake kunnawa kawai shi ne muryar nan, shi kaɗai a zaure, yana ji yana share ido da bakin rawani. Ina tsakar gida ina tuƙa tuwo sai in jiyo kaina ta bango, da siririyar muryar nan da tuntuɓen ƙaryar nan, in ji kamar in tsinke harshena in yar. Wallahi ƙyamar muryata nake, ko waya ba na son amsawa.

Yanzu ga inda aka zo. Wani ya ba Baba labarin wani tsohon malami a wani ƙauye gaba da Gidan Goga, wai yana karya kambun baka, amma sharaɗinsa wanda bakinsa ya yi ɓarnar shi zai je da kansa ya karɓo maganin. Duk wanda ya san ƙasar Maradun ya san yadda hanyar nan take yanzu. Baba ya ce ranar Asabar zai tafi. Maigida ya hana shi sama-sama, irin hanin da ba ya hana komai, don a ransa har yau yana ganin tsohon ne ya ɓata masa 'ya. Na je na durƙusa daga bakin zaure na ce, "Baba, hanya ba kyau, a yi haƙuri da tafiyar nan." Ya ce, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, ke kaɗai ba ki taɓa ganin laihina ba. In sun ɗauke ni, tsoho sunka ɗauka. Ni dai in ji ta yi karatu irin na cikin wayag ga, sau guda, kahin in mutu." Albarka fa ya sa mini. Da ya tofa mini yawu da ya fi mini sauƙi.

Na san za ku ce in faɗi gaskiya kawai. Na yi ta juya abin. In na gaya wa maigida, mutumin da ya ɗaga wa ubansa murya a kan laifina, ban ga abin da zai hana shi kora ta Bakura ba, kuma da wane ido zan kalli uwata? In na gaya wa Baba shi kaɗai ba zai yarda ba, zai ce na ƙirƙira ne don in hana shi tafiya. Hanya ɗaya ce zai gaskata, in durƙusa a gabansa, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, in matse hanci in yi masa muryar da ya yi shekaru yana kuka a kanta. Ina tsoron abin da hakan zai yi wa zuciyar tsoho, don zaman tabarmar nan shi ne abu ɗaya da yake alfahari da shi tun da ya baro garinsu.

Jiya da la'asar ina tsince shinkafa sai ga Amarya ta tsaya a kaina. Ba ta saba ba, yarinyar da ko aike zan yi mata sai dai in faɗa wa iska ta ji. Ta daɗe tana kallon igiyar shanya, inda Baba ya shanya rigar da zai yi tafiya da ita. Sannan ta ce, a hankali, ba kuka ba tsiwa, "Anti, in Tsoho ya tahi bai komo ba, shi ma za ki riƙa yi min muryatai?"

Rigar ta bushe, Baba ya ninke ta da safen nan. Jama'a, don Allah, kafin Asabar, me zan yi?