Ƙasusuwan Mama da Hanyar Gavdos

Goggo Evanthia, ki taimake ni kafin in fasa wa yayana kai. Shekara uku da rasuwar mahaifiyarmu a birnin Atina, wa'adin hayar kabarin ya cika, an tono ta bisa al'adarmu, mun wanke ƙasusuwan da ruwan inabi, ga su nan cikin akwatin ƙarfe. Wasiyyarta ɗaya ce: a mayar da ita tsibirinmu Gavdos, gefen kabarin Baba. Hanyar kuwa na san ta kamar yunwar cikina: jirgin sama zuwa garin Haniya, mota ta yi ta hawa da gangara har Sfakiya a bakin teku, sai jirgin ruwa in iska ta yarda. A cinyata akwatin zai zauna, ba mai jefa mini uwa cikin jakunkunan baƙi. To, Yaya Sifis ya tubure. Wai teku ba ta da tabbas, wai zan maƙale a tasha da Mama a hannu kamar mai talla, wai a tsibirin da awaki suka fi mutane yawa wa zai kunna mata kyandir a kabari? Na kira shi matsoraci, ya kashe mini waya. Shi da ko kwale-kwale ya hango sai amai! Raina ya ɓaci ƙwarai. In tafi da ita ba da saninsa ba?

Ƙanwar Mai Taurin Kai

'Yata, Allah ya ji ƙan Mama. Tafiyar dai ki yi ta, ba a wasa da wasiyya. Ki tuntuɓi kamfanin jirgin saman tun da wuri kan shiga da akwatin, ki riƙe takardun maƙabarta, ki ware kwanakin rara a Sfakiya, don iskar can ba ruwanta da saurinki.

Amma a ɓoye? A'a. Kin san hanya, ba ki san yayanki ba. Mai tambayar wa zai kunna kyandir ba teku yake tsoro ba. Yau mota ɗaya ke kai shi wurin uwarsa. In kin tafi da ita, sai ya ƙetare ruwa. Ke alkawari za ki cika, shi kuwa rashi na biyu zai yi. Ki taka da ƙafarki har gidansa, ki janye kalmar nan ta matsoraci, ki saya masa maganin jiri. Ki ce masa shi ne babba, shi zai ɗauki akwatin. In hawaye ya zo masa a cikin jirgi, ki juya ki kalli ruwa, ki ƙyale shi.

Allah ya kai ku lafiya, ku ukun.