Hannun Kujerar Baba

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kin isa lafiya, kin samu maigidanki da yara ƙalau. Na gaishe ki ne don haka aka koya mana, ba don raina ya so ba.

Sati ɗaya tak na bar miki Mama da gida na tafi jinyar surukata, na dawo na tarar da falo kamar an ɓarar da madara. Kabad fari, katakon madubi fari, har tsofaffin kwalaben kan taga ba ki bari ba. Wai kuma da fentin ya bushe sai kika bi gefe-gefe da samfefa kina kankarewa don su yi kama da tsofaffi. Auta, kayan da suka girme ki kike koya wa tsufa? Na ga hotunan da kika sa a waya, ƙawayenki sai yabo suke, wai ga araha ga kyau, gwangwani biyu kacal.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma har da kujerar Baba, wadda kika shafe ranar tafiyarki kika bar ta tana bushewa? A hannunta na dama akwai gurbin da babban yatsansa ya yi shekara talatin yana murzawa, har wurin ya lotsa ya yi santsi. Tun da yanar ido ta rufe ganin Mama, a nan take zama kowace hantsi, ta sa yatsanta a gurbin mijinta. Kwana bakwai kina gidan, idonki na kan waya, ba ki lura ba. Yanzu ta shafa ta ji kaushi, ta ce an musanya mata kujera. Kwana uku ke nan a bakin gado take yini, abinci ma sai da lallashi.

Ki gaida yaran, su ba su yi mini komai ba.

Yayarki.

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Mu dai ga mu nan yadda kika bar mu.

Wasiƙarki ta zo. Ban buɗe ba, tana nan jingine da farin madubinki. Na san abin da ke ciki: ban sani ba Yaya, alheri na nufa Yaya. Tun kina ƙarama haka kike, ki fasa abu ki sa kuka, ni in ɗauki tsintsiya. Kiran wayar ma ki huta, ba ɗauka zan yi ba.

Na tsinci ragowar samfefarki a bayan ƙofa. Gobe zan cire ɓarnarki da hannuna, ba na neman shawarar kowa.

Yayarki.

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan jikin kowa lafiya.

Jiya da safe na fito da kujerar tsakar gida na dirje hannunta da samfefar. Da haushinki na yi aikin, ban tsaya ba sai da katako ya fito fes. Na kamo Mama na zaunar da ita. Ta laluba gaba, ta laluba baya. Ashe duk kwanakin nan, in na fita, takan lallaɓa ta je ta taɓa. Ta ce, "Jiya ina ɗan jin wurin a ƙarƙashin fentin. Yau babu. Auta ta dawo ne?"



Na kira kafintan layinmu. Ya shafa, ya ce na cinye gurbin, ya baje, kuma ba abin da zai maido shi. Wai fentin na ruwa ne, bai ma kama sosai ba saboda maiƙon hannu, da tsumma da ruwan ɗumi sun isa. Bayan ya tafi na buɗe wasiƙarki. Abin da ya faɗa shi ne a layi na uku, har kin ja layi a ƙarƙashin inda kika ce kada in sa samfefa.

Kada ki ɗauka na yafe miki. Ke kika fara, kuma har yanzu in na kalli kabad ɗin nan raina ɓaci yake. Amma Mama tana zaton ke kika ƙarasa, ni kuwa ban gyara mata zance ba. Ki zo ranar Asabar. Ba zan iya faɗa mata ni kaɗai ba.

Yayarki.