Gwajin Taron Baba

Lahadi, 31 ga Agusta

Likita ya faɗa a gabanmu mu uku, ni da yayana da autarmu: mantuwar Baba ba ta tsufa ba ce kawai, ciwo ne, kuma gaba zai yi ta yi. Yaya ya kafa wa takalminsa ido. Auta ta yi ta kuka a mota har sai da na ce ta yi mana shiru. Ni ban yi kuka ba, waya na ciro na fara rubuta abin da za a yi. Halina ke nan, na sani.

Na yanke shawara za mu tara wa Baba tsofaffin ɗalibansa tun yana iya gane su. Shekara da shekaru yana koyar da buga tafireta a ɗan shagonsa, da wuya ka shiga ofis a garin nan ba ka tarar da wanda ya bi ta hannunsa ba. Ko takardar godiya ba a taɓa ba shi ba. Babban ɗakin taro nake so, cike maƙil, ya shigo kowa ya miƙe masa tsaye.

Talata, 2 ga Satumba

A ofis manhajar waya muke haɗawa, kuma ba ma tsara aiki gaba ɗaya mu rufe ido mu bi. Zango-zango muke yi: a yi ɗan kaɗan, a nuna wa mai abu, a ji ta bakinsa, a gyara, a sake. Ni ce ma ke koya wa sababbin ma'aikata. To na ce haka za mu yi taron Baba. Duk Asabar ɗan ƙaramin gwaji a gida, ɗalibai biyu ko uku su zo, mu ga me ke faranta masa rai, me ke gajiyar da shi. Lahadi mu zauna mu yi bita, mu gyara.

Yaya ya ce, “Wato Baba ya zama manhaja.” Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune da shi, ta ce ita dai a riƙa gaya mata mutum nawa za ta dafa wa shayi.

Na kama ɗakin taro na ranar 11 ga Oktoba. Na manna ƙananan takardu a bangon ɗakina, layi uku: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Da na ja baya na kalle su sai na ji numfashina ya dawo.

Asabar, 6 ga Satumba

Gwajin farko. Mutum uku suka zo: tsohon akawun kotu, wata da ta yi sakatariya a banki, da wanda Baba ke kira Tara, saboda yatsunsa tara ne, injin niƙa ya cinye ɗaya tun yana yaro. Duk ya gane su. Kafin ma ya kira suna sai ya kama hannu ya juya, ya ce wa ta banki har yanzu ba ta daina tara farce ba. Ya ba da labarin yadda kowa ya ce Tara ba zai iya ba, shi kuma ya ƙirƙiro masa tasa hanyar, har ya zo ya fi masu goma sauri. Dariya har da tari.

Ni ina gefe ina rubutu a waya. Ƙarar fanka tana damunsa. In mutum biyu suka yi magana lokaci guda sai ya ɓace. Bayan shayi yake fara gajiya.

Da zai tafi Tara ya tsayar da ni a ƙofa. “Ki kira sauran ɗaliban ranar Asabar mai zuwa kawai, mu cika falon nan. Yau Malam ƙalau yake.” Falo! Mutumin da ya koyar da rabin gari. Na yi masa godiya, na ce akwai tsari.

Lahadi, 7 ga Satumba

Bita. Yaya bai zo ba, wai mota. Ni da Auta, ita ma rabin hankalinta na kan waya.

Asabar, 13 ga Satumba

Na aro lasifika don ya saba da ita. Da ya ji muryarsa ta fito daga akwati sai ya razana, ya waiga yana neman mai kwaikwayonsa. Gwaggo ta harare ni. An cire lasifika daga tsari. Ai amfanin gwaji ke nan, gara a gida da a gaban jama'a.

Duk da haka ya gane baƙin yau, ɗaya dai sai da aka taya shi.

Laraba, 24 ga Satumba

Oga ya ga hoton bangon ɗakina a wayata, ya tambaya, na ba shi labari. Sai ya ce, “Ke ce fa kike ce wa yara su saki abu da wuri ko bai kammala ba. Naki yaushe za ki sake shi?” Na ce wannan mahaifina ne, ba manhaja ba. Sai da na koma kujerata na tuna a bakin Yaya na fara jin maganar nan. Haushi ya hana ni cin abincin rana.

Gaskiya dai ba mu shirya ba. Ɗaliban da ke nesa ba su amsa ba. Tsohuwar tafiretarsa da nake son a ɗora a kan teburin gaba tana wurin mai gyara, ya ce sai an nemo wani ƙarfe. Ɗan littafin hotuna bai fito yadda nake so ba, fuskar Baba ta yi duhu a bangon littafin. Na ɗaga taron zuwa 8 ga Nuwamba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Yaya ya kira yana faɗa. “Wa kika shawarta?” Na ce da yana zuwa bita da an shawarce shi. Ya ce, “Likita bai ce ciwon zai jira mai gyaran tafireta ba.” Na kashe wayar. Mutumin da ko kujera ɗaya bai ɗauka ba, shi ne da baki.

Abin da ya fi ba ni haushi, maganar tasa ta ƙi fita daga kaina.

Asabar, 4 ga Oktoba

Akawun kotu ya dawo, ya zo da wasu biyu. Baba ya tare su da “A'a, manyan baƙi!” Suka ji daɗi. Amma na lura bai kira sunan kowa ba, kuma da mai karanta mitar wuta ya leƙo, shi ma manyan baƙi aka ce masa. Baba ya iya rufa wa kansa asiri. Yana gyaɗa kai, yana dariya a inda ya ga ana dariya, idonsa kuwa yana yawo daga fuska zuwa fuska yana neman wadda zai kama.

Su ba su gane ba. Ni da nake zaune ina lura, na gane. Da ma ban iya lura ba.

Na rubuta: a sa wa kowa suna a ƙirji, da manyan haruffa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau ne da an yi taron.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na ce a kai shi ya ga ɗakin taron don kada ya zame masa baƙo a ranar. Gwaggo ba ta so ba, na nace. Manajan wurin ya kunna mana duk fitilu, kujeru a jere har ƙarshen bango, babu kowa a kai. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Ya riƙe hannun Gwaggo gam, ya rage murya ya ce, “Wa ya rasu?”

A mota ma bai saki hannun Gwaggo ba. Ita ma ba ta janye ba. Na ajiye su, na zagaya bayan gida inda ake shanya, na tsaya a can na ɗan jima.

An soke babban ɗaki. Akwai ƙarami a sama, manajan ya ce zai ba mu.

Talata, 21 ga Oktoba

Ƙaramin yana da matakala, kuma Baba ya fara tsoron matakala. Farfajiyar gida ke nan, da rumfa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Bita, in za a kira ta bita. Gwaggo ta ce jiya da ya ga masu auna wurin rumfa ya ɗauka gidan za a ƙwace, ya ƙi cin abinci. To babu rumfa. Falo. Falon da aka ce mini tun ranar farko, lokacin da zai iya kiran sunan kowa har da na ubansa.

Auta ta ce, “Ke fa kina zuwa gidan nan ne kamar mai duba asibiti. Ki shigo, ki kalla, ki rubuta, ki tafi. Yaushe rabon da ki zauna kusa da shi?” Na ce wani ne zai yi aikin in ban yi ba? Ta ce, “Wane aikin?” Yarinyar da ni na yi mata wanka. Na ɗauki jakata na fito.

Kullum ina gaya wa yara a ofis cewa amfanin gwaji shi ne ya gaya maka gaskiya da wuri. Ga shi yana gaya mini duk Asabar, ni kuma ina canza kujeru. Na gaji. Ban san gajiya tana shiga har haƙora ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Mai gyara ya kawo tafireta. Tana aiki sumul, har ƙararrawar. Littafin hotuna ma ya iso, fuskar Baba ta fito tas. Na ajiye su a but ɗin mota, ban shiga da su ko'ina ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Gwajin ƙarshe. Tara kaɗai na kira, don in akwai wanda ba zai ɓace masa ba, shi ne.

Tara ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa hannu da kansa. Baba ya kama, ya juya, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har ya iso inda babu. Sai ya ɗago da tausayi ya ce, “Ayya. Me ya same ka haka, bawan Allah?”

Tara ya ce injin niƙa ne, Malam, tun ina yaro. Baba ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ba shi shawara ya nemi sana'ar da ba ta bukatar yatsu. Tara ya ce to, Malam. Ya shanye shayinsa har ƙasa, ya yi sallama yadda ya kamata. Ta taga na hango shi zaune a kan babur ɗinsa bai tayar ba, goshinsa a kan hannu, mutum mai jikoki.

Ko tuna mini maganar falo bai yi ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban rubuta komai a waya ba. Me za a gyara?

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na tura wa ɗalibai saƙo. Na rubuta “an soke”, na goge, na rubuta “an ɗaga”. Har yanzu. Wasu suna ta amsawa da addu'a, wata daga nesa ta ce ta riga ta ɗauki hutu, ko za ta iya zuwa ta gaishe shi kawai? Ban amsa ba. Ban san wa za ta tarar ba.

Yaya ya kira. Na shirya masa, na jira ya ce ai na gaya miki. Sai ya ce, “Kin ci abinci?” Na ce a'a, muka daɗe riƙe da waya, babu wanda ya kashe.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ban fita ba. Ina kwance ina kallon bango. Layin abin da aka gama ya cika har ya sauko ƙasa: kujeru masu hannu, sunayen ƙirji, hotuna, tafireta, wanda zai yi jawabi, wanda zai tsare ƙofa. Ban taɓa gudanar da aikin da ya tafi daidai irin wannan ba.

An yi ranar da ya san kowa, yana dariya har da tari, ni kuma ina lura da fanka.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na bar ofis da rana, na ce kaina ke ciwo. Ban san yadda aka yi na ga kaina a ƙofar gida ba. Wayar tana mota, mantawa na yi.

Yana zaune a falo shi kaɗai, Gwaggo tana wanki a baya. Na zauna a kujerar da ke gefensa, tunda babu abin yi. Ya dube ni da fara'a ya ce, “Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wurin wa kika zo?”

Na buɗe baki in ce ni ce, Baba. Haka nake yi duk lokacin da ya rikice, ina gyara masa. Yau dai ban san me ya hana ni ba. Na ce wurinka na zo.

Ya ji daɗi. Ya matso ya rage murya kamar mai ba da sirri. “'Yata tana shirya mini taro. Babba. Duk ɗalibaina za su zo.” Na ce ma sha Allah. Ya ce, “Tana da ƙoƙari, duk cikin 'ya'yana babu kamarta. Sai dai ba ta zama. Ta shigo tana rubutu, ta fita tana rubutu. In kin gan ta ki ce ina nemanta.”

Na ce zan gaya mata.

Mun zauna har aka kira la'asar. Ya yi gyangyaɗi, kansa ya sauko a kafaɗata, hannuna ya mutu ban motsa ba. Gwaggo ta leƙo da bokiti, ta gan mu, ta koma wurin wankinta.

Gobe ma zan biya. Ba wani abu ba ne, kan hanyata ne, in na bi ta doguwar hanya.