An Yi Makokina Ina Da Rai, Yanzu Ina Zan Je In Tsufa?

Zuwa ga Baba Muntaka,

Don Allah ka taimake ni, ka karanta takardar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Sati uku ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Hausata ta bakin layin dogo ce, rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na koya da furfurata, saboda haka inda na karkace ka miƙe mini.

Ni mutumin Tibi ne, daga wani ƙauye can bayan Katsina-Ala. Na bar gida lokacin da ake aikin gadar Makurɗi, na shiga lebura, daga nan Reluwe ta riƙe ni. Na yi Kafancan, na yi Zariya, na daɗe tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda, har na zama helman masu gyaran layi. Shekara uku da suka wuce aka dawo da ni Lafia. Ƙarshen watan Maris mai zuwa zan ajiye aiki in shiga fansho, kuma ranar da na ajiye, ranar zan miƙa makullin ɗakin bariki.

Tun da takardar ajiye aikin ta zo muke ja-in-ja da matata Hembadoon a kan inda za mu koma. Cikin Lafia bai yi mini ba, ina son inda zan buɗe ƙofa in ga gonata. Na leƙa Kwandere, kusa ce, amma ban san kowa ba. Ita kuwa Doma take so, garin ƙabilar Alago. Tana da ƙawa 'yar Doma, Rekiya, wadda take kawo mata doyar da take yin sakwara a tasha. Yayan Rekiya ya kai mu har wajen mai unguwa, aka nuna mana fili kusa da rafi, aka ce in muna so mu gina. Akwai 'yan Tibi da ke noma a gefen garin, har da ɗan cocinsu na ciyawa. Ga 'yarmu Francisca tana aure a nan Lafia da 'ya'ya biyu, mai keke in ya yi sammako zai isa Doma kafin rana ta yi zafi. Duk da haka na ƙi. Na ce ni ba marar gida ba ne, ina da uwa a raye, ina da gonar ubana wadda ƙanena Tyav yake dubawa.

A nan zan faɗi abin da ke ba ni kunya. Rabona da gida shekara goma sha tara. Da fari nisa ne, sai aka shiga yaƙi hutu ya yi wuya, sai ciwon yara, sai kunyar in je hannu biyu. Amma ban taɓa tsallake Kirsimeti ban aika wasiƙa ba. Akwai mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya na Katsina-Ala, shi yake karanta wa Tyav, shi kuma yake rubuto mini amsarsa. Kowace amsa magana ɗaya ce: Mama tana nan lafiya, tana gaishe ka.

Watan jiya na ɗauki hutu don in je in zaɓi wurin gini. Na saya wa Mama bargo da gishiri, na hau jirgi zuwa Makurɗi, na shiga mota, sauran na ƙarasa da ƙafa. Na isa da la'asar. Wadda na fara gani gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, tana tahowa daga rafi. Na kira ta da sunan da nake kiran ta tun ina yaro. Baba, tulun da ke kanta ta saki, ta kurma ihu, ta zura a guje kamar yarinya, tsohuwar da ta haura saba'in. Kafin in kai tsakar gida kowa ya watse, har tukunya aka bari a kan wuta. Na tsaya ni kaɗai da akwatina a ka, ban san me na yi ba.

Can sai Iorwuese ya fito, abokina ne da muka taso tare, yana riƙe da sanda. Ya ɗebi ƙasa ya watsa mini. Da ya ga ban ɓace ba, ya matso ya kama hannuna, ya matsa, sai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Shi ya gaya mini cewa shekara goma ke nan da yin makokina. Wai Tyav ne ya dawo daga kasuwa wata rana da labarin jirgi ya take ni a Gusau, Reluwe ta binne ni a can. An yi kuka, an yanka akuya, an raba kayan da na bari.

Ban gama jin wannan ba na tambayi Mama. Iorwuese ya ja ni bakin hanya, ya nuna mini wani tudu da ciyawa ta rufe. Shekara huɗu da rasuwarta. Shekara huɗu ina karɓar gaisuwarta a takarda! Ni da na ga hatsarin jirgi da idona ban zubar da hawaye ba, ranar nan na zauna a bakin kabarin na yi ta kuka.

Tyav bai shigo gida ba ranar. Da safe na same shi a gona yana tara kunyar doya, a ɓangaren da mahaifinmu ya ce nawa ne. Na je da niyyar da ba zan rubuta ba. Bai gudu ba, bai yi musu ba, ko garmar bai ajiye ba sai da ya gama kunyar da yake kai. Ya ce kowace wasiƙata tana cewa baɗi ina nan tafe. In ya gaya wa Mama, sai ta ware kaza, ta share ɗaki, ta koma zama bakin hanya, ta daina cin abinci sai an yi da gaske. Shekara tara ana haka. Ran nan aka neme ta aka rasa, ashe ta kama hanyar Makurɗi da ƙafa wai za ta je ta tambayi masu jirgi. Kwana biyu suna nema, aka tsince ta a wata kasuwa ƙafafu sun kumbura, ba ta ma san inda take ba. Ya ce a ranar ya yanke shawarar ya ce na mutu. Ta yi wata guda tana kuka, daga nan ta tashi ta ci abinci, ta yi ƙiba, ta yi renon jikoki har shekara shida. Da ta rasu kuma ya san in ya rubuto mini zan zo jana'iza, asirinsa ya tonu, shi ya sa ya ci gaba da aiko mini gaisuwarta. Ya ce in ina so in sare shi, ga adda nan.

Kwana huɗu na yi. Dattawa sun rabu biyu. Wasu sun ce a ci Tyav tara a mayar mini da gonata, wadda yanzu 'ya'yansa uku suke ci da iyalansu. Wasu kuma raɗa suke yi wai mayu ne suka tono ni, har mata suna janye yaransu in na gifta. Abin haushi, da na tashi yin magana a gaban dattawa, Hausa ce take riga yarena fitowa.

Tun da na dawo ba na iya komai. Wani lokaci in ce wallahi sai na koma, in gina ɗakin kwano a tsakiyar gidan, kowa ya gan ni safe da yamma har su gaji, Tyav kuma ya riƙa wucewa ta ƙofata kansa a ƙasa. In na tafi Doma ai na tabbatar musu na mutu ke nan. Hembadoon ta ce ita ba za ta zauna inda mata za su ji tsoron cin abincinta ba. Na yi mata tsawa, sai ta tuna mini sau uku tana ɗaure kaya mu je mu ga Mama, ni nake cewa a kwance sai baɗi. A shekara ashirin da shida ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba.

Baba Muntaka, in koma gida in ƙwaci sunana da gonata, ko in bi matata Doma in tsufa cikin Alago, a binne ni inda ba kabarin kowa nawa? Kuma wannan ƙane nawa, maƙiyina ne ko me? Watan Maris yana matsowa.

Ni ne,
Helma mai rai, Lafia.

*

Helma,

Da farko ina yi maka gaisuwar rashin mahaifiyarka. Ga mutanen ƙauyenku rasuwar shekara huɗu ce, a wurinka kuwa ta wata guda ce, kada wani ya hana ka yin kukanka. Na daɗe ina amsa wasiƙu a wannan fili, amma taka sai da na karanta sau biyu.

Tyav ya yi maka laifi babba. Ya kashe ka da baki, ya sa tsohuwa ta yi kukan ɗan da ke raye, mafi muni kuma ya hana ka tsayawa a kan kabarinta ranar da aka sa ta. Ƙaryar farko wataƙila tausayi ya haife ta, ta biyun tsoro ne kawai. Ban kuma ce gonar ba ta shiga lissafinsa ko kaɗan ba, mutum ne. Sai dai ka yi haƙuri da abin da zan ƙara. Shi ya ɗauko ta daga waccan kasuwa. Shi ya yi jinyarta, shi ya haƙa kabarin. Ka kawo uzurin nisa da na yaƙi, na karɓa. To, shekara ukun nan da kake Lafia fa, jirgin Makurɗi yana wucewa ta gabanka kana ɗaga masa hannu? Ban faɗa don in ƙara maka ciwo ba. Na faɗa ne don na ga rabin fushin da kake yi da ƙanenka da kanka kake yi, kuma ɗakin kwano ba zai warkar da shi ba.

Tambaya biyu ka cakuɗa. Wanke sunanka a gida daban, wurin da za ka tsufa daban.

Garin tsufa ba da zuciya mai zafi ake zaɓensa ba. Ka tambayi kanka wa zai ɗauke ka zuwa ɗakin magani ran da ƙafa ta ƙi, wa zai zauna da Hembadoon in ka riga ta tafiya, ko rafin yana ƙafewa da rani, ko mota tana shiga da damina. A ƙauyenku aboki ɗaya ka ambata mini. A Doma matarka tana da ƙawa da sana'a, 'yarka da jikokinka suna kusa, ga masu jin yarenka, ga wurin ibadarka, ga Lafia inda za ka riƙa karɓar fansho. Ni dai Doma na gani. Amma kada ka ɗora ko tubali ɗaya tukuna. Ku sami ɗaki ku yi damina guda a can, ka noma filin ka ga halinsa, ka ga halin maƙwabta. In ya yi maka, a zaga iyaka gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta a takarda, domin alherin yayan Rekiya ba lalle 'ya'yansa su gaje shi ba. Ka kuma koyi gaisuwar Alago, baƙon da ya iya gaisuwa ba ya daɗewa yana baƙo.

Batun gida kuwa, da ka miƙa makulli ka koma, amma ba kai kaɗai ba. Ka tafi da matarka da Francisca da yaranta, ku yi sati biyu, ku ci ku sha da mutane, ku je coci, ka shiga gona a gan ka kana gumi. Masu raɗar mayu za su gaji in sun ga jikoki suna hawa kafaɗarka. Ka nemi dattawa su zauna, Tyav ya miƙe ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, yadda ya faɗa maka a gona. Wannan haƙƙinka ne, kada ka yafe shi. Tara kuwa ka ce ba ka so. Kada ka tashi magidanta uku daga gonar da suka buɗe ido suka gani. Ka karɓi ɗan yanki a san naka ne, su riƙa noma maka, kowace kaka ka je da ƙafarka ka ɗauki doyarka. Ku gyara kabarin Mama kai da Tyav, ku biyu, ba sai kun yi magana ba.

Ka tambaye ni ko maƙiyinka ne. A'a. Ƙane ne da aka bar wa kaya shi kaɗai, ya gaji, ya yi mugun abu. Yafewa za ta ɗauki lokaci, kada ka yi ta da baki alhali ba ta kai zuci ba.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan, ka ba Hembadoon haƙuri a kan tsawar da ka yi mata. Ka bar gida domin aiki, ita ta bar nata domin kai, ta bi ka tasha-tasha ba ta taɓa zaɓen gari ba. Wannan karon ka bar ta ta zaɓa.

Allah ya ji ƙan tsohuwa, ya sanyaya zuciyarka, ya ba ku tsufa mai daɗi kai da iyalinka.

Naka,
Baba Muntaka