Na Yanke "Ba" Daga Bakin Goggona

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don wallahi kwana biyun nan ko madubi na kalla ƙyamar kaina nake ji.

Ni 'yar Batsari ce, ina aiki a wani kamfanin cincin na leda a Katsina, wanda na san ko yaranku sun san shi. Ni ce mai ɗaukar bidiyon talla ina sakawa a shafukanmu. Watan jiya manajanmu ya ce mutane sun gaji da kallon 'yan gayu suna tauna cincin suna lumshe ido, yanzu tsohuwar ƙauye yake so, wai ita ake yarda da maganarta. Ni da rawar kai na ce ai ina da ita.

Goggona ce, yayar babanmu, tana zaune a Zakka. Tun kafin a haife ni take kai ƙuli-ƙuli kasuwar Batsari, kuma an san ta da abu ɗaya, ba ta ƙarya. Ko rigimar awo aka yi a layinsu ita ake kira ta raba. Ranar kasuwa na same ta, muka gaisa, na miƙa mata leda ɗaya na kunna waya. Ta tauna, ta yatsina fuska ta ce, "Ɗiyata, wanga abu ba ya kashe yunwa, iska ce cikin leda."

Da manaja ya gani sai da ya riƙe ciki don dariya, ya ce in cire iskar, in cire "ba" ɗin nan, in sa kiɗa a wurin yatsinar. Na yi 'yar gardama, ya tuna mini masu neman kujerata sun fi goma. Da hannuna na yanke. Ya koma, "Ɗiyata, wanga abu ya kashe yunwa."

Bidiyon ya zaga ko'ina. Muka sa gasa, kowa ya kwaikwayi muryarta ya ci katan guda. Ka ga ƙatuwar budurwa ta shafa toka a gira tana "wanga abu, wanga abu", mu kuma a ofis ana tafi ana ƙirga laik. Abin ƙazanta ne wallahi.

Da ya isa Zakka, 'yan acaɓa suka riƙa nuna mata. Ta rantse ba haka ta faɗa ba, aka sake kunna mata, ga fuskarta ga muryarta. Masu sayen ƙulinta suka fara tsokanar ta wai ta sayar da sana'arta. Abin da ya fi ci mini rai, babban ɗanta Yaya Sule ya kira ni yana cewa tsufa ya fara taɓa kan Goggo, tana magana tana mantawa, don haka sun yanke ta daina zuwa kasuwa. Har muka gama wayar ban gaya masa ni na yanke maganar ba. Kasuwar nan ita ce rayuwarta.

Yanzu manaja na son kashi na biyu, har da hotonta a jikin leda. Ni kuma asalin bidiyon na nan a wayata. In na fitar da shi aiki ya tafi, kuma da shi nake riƙe da mahaifiyata. In na yi shiru an zaunar da mai hankali a ɗaki a matsayin ruɗaɗɗiya.

Shekaranjiya na je gaishe ta, ina jiran zagi. Sai ta kama hannuna ta ce, "Ke kina wurin. Hwaɗa mini gaskiya, ni na hwaɗi hakan? In kin ce na hwaɗa, to na yarda kaina ya taɓu."

Na ce mata zan duba wayar. Jibi kasuwa. Don Allah me zan gaya mata?