Maigidana Ya Rubuta Wa Littafi Ƙarshen Ƙarya, Wai In Karanta Wa Yayarsa

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan uwa na wannan gida. Don girman Allah a saka min wannan ba tare da sunana ba. Na san akwai matan unguwarmu a grup ɗin nan da za su gane ni tun kafin su kai tsakiya, to su gane ɗin, amma su riƙe bakinsu. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ta gaggawa, don yau Alhamis, zuwa Asabar magana ta ƙare.

Ni matar aure ce a Birnin Kebbi, 'ya'yana uku. Abin da duk wanda ya san ni ya san ni da shi shi ne karatun littattafan Hausa, na soyayya da waɗanda ake saka wa'azi a cikin labari. Ba na ɓoyewa, ina son su kamar me. Tun ina sakandare nake tara su, yanzu jaka biyu ce cike, ban da na waya. Na taɓa ƙona miya saboda littafi, sau ɗaya ne, kuma har yau ana min gori a kai. Amma ban da wannan, babu wanda ya taɓa kwana da yunwa a gidana, babu yaron da ya taɓa zuwa makaranta da datti. Addu'o'i da yawa da nake koya wa yarana a cikin littattafan nan na fara cin karo da su, kafin in je in tambayi malamarmu ta Islamiyya ta tabbatar min. Kuma shi maigidan da yake cewa yanzu karatun zaman banza ne, lokacin da yake nemana, da me yake zuwa zance? Da littafi a aljihun babbar riga. Da su ya saye ni, yau kuma su ne abokan gabarsa.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, amma asalinsu 'yan Argungu ne, kuma yana noman shinkafa a fadamar mahaifinsu da ya rasu da daɗewa. Su biyu ne kawai suka rage, shi da yayarsa, bari in kira ta Yaya Kulu. Ita ta goye shi, har yau Auta take ce masa, ni kuma matarmu. Mijinta ya rasu, tana zaune a Argungu tana turara wa mutane shinkafa ana biyanta, kullum kanta a cikin hayaƙi, har idanunta suka fara ba ta matsala. Shi ya sa ta zo wurinmu wata guda ke nan tana ganin likitan ido. Ba ta yi boko ba, ko da idon lafiya ba ta iya karanta rubutun.

Ranar da ta fara ganina ina dariya ni kaɗai da littafi a hannu, sai ta ce, "Matarmu, mi ka ba ki dariya ke ɗai? Hwaɗa min ni ma in sha." Daga nan muka fara. Kullum bayan la'asar, in na ɗora sanwa, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ɗiga maganin idonta, ta rufe ido, ni kuma in karanta mata a bayyane. Wallahi 'yan uwa ban taɓa jin daɗin karatu irin na wannan watan ba. Mata ce mai shiga labari da dukkan zuciyarta, in an zo wurin soyayya ta rufe fuska da gyale tana cewa yaran zamani ba kunya, in na tsaya kuma ta ce wa ya ce ki tsaya.

Littafin da muke kai mai kashi uku ne. Labarin wata yarinya ce da wani malamin makaranta da ke sonta tsakani da Allah, sai kuma wanta da ya riƙe gonar gadonsu shi kaɗai, yana ba ta ɗan abin da ya ga dama da kaka, ita kuma tana durƙusawa tana godiya, ba ta san tana da rabo a ciki ba sai da malamin ya karantar da ita. Na rantse da Allah ban zaɓi littafin nan da wata manufa ba. Shi ne a saman jaka, kuma ina son soyayyar da ke ciki. Ko kusa ban haɗa shi da gidanmu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shi kansa maigidan yana saurare. In ya dawo daga ofis sai ya ja kujera bakin ƙofar ɗaki wai yana goge takalmi, takalmi ƙafa ɗaya sai ya yi awa guda yana gogewa. Ranar da muka zo inda wan yarinyar ya auna mata hatsi a kwano yana mata gori, shi ne ya fara magana, ya ce, "Wanga mutum ba shi tsoron Allah." Da kunnena na ji. Har tsaki ya ja.

Ranar da muka gama kashi na biyu, Yaya Kulu ba ta yi barkwancin da ta saba ba. Da aka zo cin tuwo, sai ta ce masa a hankali, ba faɗa ba hayaniya, "Auta, hwadamar Baba, yaushe anka raba ta? Ni dai ban tuna ba." Shi ke nan tambayar da ta yi. Ta ƙara da cewa ita ba rigima take so ba, in da za a yanka mata ko gefe ne ta sa a noma mata albasa ta huta da hayaƙin nan, da ta gode. Loma tana hannunsa ya mayar da ita kwano. Ya ce mata za su yi magana, ya tashi.

A kaina aka sauke. Washegari da safe bayan yara sun tafi makaranta ya kira ni ɗaki ya rufe ƙofa, ya ce ni ce na zuga ta, na ɗauko littafi na musamman don in raba shi da 'yar uwarsa. Na ce masa littafin nan ya girmi aurenmu, kuma shi ya saya min. Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba. Ya ce shi ya sayi injin ban ruwa, shi ya gyara gonar shekarar da ruwa ya cinye ta, shi yake kai wa Yaya shinkafa duk kaka, shi yake kai ta asibiti, in aka tsaga fadamar nan biyu ba za ta ciyar da kowa ba. Ban ƙaryata shi ba, duk ya yi. Na ce to ya zaunar da ita ya faɗa mata haka, su je wurin malami a faɗa musu abin da shari'a ta ce, in ya so ita da bakinta ta bar masa ya ci gaba da nomawa. Ya ce ni zan koya masa addini da littafin soyayya? Kafin azahar ya ɗaure jakunkunan littattafaina biyu a bayan mashin, ya kai su shagon abokinsa inda ake ajiye buhunan shinkafa. Inda ɓera yake. Kashi na ukun kawai ya bari, kuma a aljihunsa ya sa shi.

Kwana biyu ba karatu. Yaya Kulu tana tambaya, ina ce mata kaina ke ciwo. Ashe bawan Allah yana can ofis yana karanta kashi na uku, shi da ya ce karatun zaman banza ne. Ni na san ƙarshen tun tuni. A ƙarshen, wan yarinyar ne yake zuwa da ƙafarsa har ƙofar ɗakinta, ya durƙusa yana kuka, ya kira dattawa aka auna gona aka ba ta nata, sannan aka ɗaura aurenta da malamin, shi ya zama waliyyi. Babu wanda aka wulaƙanta. Ƙarshe ne mai daɗi, ni duk lokacin da na karanta sai na yi hawaye.

Jiya Laraba ya dawo min da littafin. Na ɗauka ya huce. Ina buɗewa sai na ga ya ninke shafukan ƙarshe ya danne su da abin maƙala takarda na ofis, ya saka wasu fallaye biyu a wurin, da rubutun hannunsa. Wai ya rubuta sabon ƙarshe. Ya ce in na zo wurin, in karanta nasa, ai Yaya ba za ta gane ba tunda ba ta karatu. In na yi haka, a ranar zai dawo min da jakunkunana, har sababbi zai ƙara min. In ban yi ba, littafi ya gama shiga gidansa, na waya ma sai ya goge, kuma in san cewa ni na zaɓi takarda a kan zaman lafiyar aurena.

'Yan uwa ku ji abin da ya rubuta. Wai yarinyar ta yi mafarki, ta farka ta gane cewa neman gona son duniya ne, ta je ta ba wanta haƙuri, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, sai Allah ya buɗa mata ta wata hanya har ta je Makka. Malamin da muka yi kashi biyu muna jiran aurensa kuwa, ko ambatonsa bai yi ba, ya manta da shi gaba ɗaya. Ko yaron firamare aka karanta wa zai san an canza hannu. Na ce masa wannan ba gyaran labari ba ne, ha'inci ne, kuma da sunan Allah a ciki. Ya ce ai duk ƙagaggen labari ne, wata ta ƙaga nata shi ma ya ƙaga nasa, mene ne bambanci? Na ce bambancin shi ne waccan ba ta da gona a Argungu. Tun daga nan bai ƙara min magana ba, abincina ma a rufe ya bar shi.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne, ba bakinsa zai yi ƙaryar da shi ba, nawa yake so ya ara. Matar nan ta yarda da ni. Ko takardar asibiti aka ba ta, ba ta miƙa wa kowa sai ni, tana cewa, "Ke ta idona, matarmu, abin da kinka hwaɗi shi na." Yanzu in zauna a gabanta, ta rufe idon da hayaƙi ya cinye, in karanta mata abin da zai sa ta ji kunyar tambayar da ta yi? Na san halinta sarai. In ta ji yarinyar littafi ta yafe, wallahi a ranar za ta je ta ba Auta haƙuri, har ta yi kuka ta ce shaiɗan ne. Shi ma ya san haka, shi ya sa ya rubuta.

Kuma ba zan yi muku ƙarya in nuna ni waliyyiya ce ba. Shinkafar fadamar nan ita muke ci, ita ke rufa mana asiri in albashi ya yi jinkiri. In aka raba, tukunyata za ta ji a jikinta. Na yi wannan tunanin, har na ji kunyar kaina. Littattafaina kuma duk lokacin da na tuna suna can kusa da buhuna sai in ji kamar in yi ihu, akwai waɗanda ko a kasuwa ba a samunsu yanzu. Mahaifiyata na kira, ta ce ba ruwana da gadon gidan wasu, in ce littafin ya ɓace kawai. To ai Yaya Kulu ta gan shi a hannuna jiya, har ta shafa bangonsa ta ce yau dai za a ɗaura auren malam.

Ni ba malama ba ce, ban ce ga yadda za a raba ba, ban ma ce dole a raba ba. Ina son mijina, ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, amma tsoronsa ba zai sa in zama maƙaryaciya ba. Da safen nan na sake ɗauko fallayen nasa don in ga ko akwai yadda zan yi, sai na lura da abin da ban gani ba jiya saboda fushi. A layin ƙarshe, inda ya rubuta cewa yarinyar ta ce ta yafe, ba sunan yarinyar littafin ya sa ba. Kulu ya rubuta. Da hannunsa, bai ma lura ba.

Ranar Asabar da safe Yaya Kulu za ta koma Argungu, kuma ta ce ba ta shiga mota sai ta ji ƙarshen labari. To don Allah ku faɗa min. In cire abin da ya maƙala in karanta mata na gaskiya, in jira abin da zai biyo baya? In ƙi karantawa gaba ɗaya, ta tafi tana tunanin ta yi min laifi? Ko in kai masa takardarsa in ɗora yatsa a kan sunan, in ce shi ya zo ya karanta mata da bakinsa? Masu ilimi a cikinku ku faɗa min hukuncin wanda aka ba amanar karatu ya canza, matan aure kuma ku faɗa min yadda ake tsayawa a kan gaskiya ba tare da an rushe gida ba. Masu zuwa su ce ai laifin karatun littafi ne, don Allah ku wuce, yau ba ni da ƙarfin ku.

Ku taimaka ku amsa da wuri. An kusa kiran la'asar, kuma ina hango Yaya Kulu ta taga, har ta shimfiɗa tabarma ta ɗiga maganin idonta.