Launin Mayafin Matar Masunci

Zuwa ga Yayana, babban gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta cancanci babban wa daga ƙanin da bai cika jin magana ba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da gwiwar nan taka mai sanar da zuwan ruwan sama. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ja kwana. Mu nan kowa ƙalau. 'Yata Auta tana gaishe ka, mijinta ma haka, ko da yake shi a bakin ƙofa kawai muke haɗuwa, yana ɗaura takalmi yana tambayata ya ƙarfin jiki. Kada girman haruffan nan ya ba ka mamaki. Ba wani sabon salo na ƙirƙiro ba.

Ka san abu biyu suka kawo ni birnin nan: a duba mini ido, sannan in kai idon ya ga abubuwan da ya ƙare rayuwarsa yana karanta labarinsu. To, na farkon ya kashe na biyun. Likitan mutum ne mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke tsorata mai hankali. Ya jira sai da Auta ta fita karɓo magani, sannan ya ce jijiyar idon tana mutuwa a hankali, tabarau ba zai tsayar da ita ba, aiki ma haka. Na tambaye shi saura yaushe, sai ya shiga daidaita takardun teburinsa. Da yarinyar ta dawo na ce mata gajiya ce ta yawan karatu. Nan take ta yarda, domin ka san a gidanmu babu laifin da ba a taɓa ɗora wa karatuna ba.

Baiwar Allah hutu ta ɗauka musamman don ta zaga da ni. Ta hau da ni benen da ya fi kowane tsawo, tana nuna mini kogi da gadoji da tashar jirgin ƙasa, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar hakimin da ya zo duba aikin gayya, alhali abin da na gani bai wuce hayaƙin ɗanyen itace ba. Mun je gidan wasan kwaikwayo, na yi tafi a duk inda jama'a suka yi, na kuma yaba kayan 'yan wasa da kalmomi masu nauyi. Ta ce ba ta taɓa yawo da wanda ya kai ni lura ba. Yaya, na sha yabo a duniya, amma babu wanda ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan.

Sai ranar gidan zane-zane. Za ka tuna tsohon littafin nan da nake koyarwa da shi, wanda ɓera ya ci bangonsa. Akwai hoton wani zane a ciki: masunta suna jan kwalekwale, wata mata tana tsaye a bakin ruwa iska tana kaɗa mata mayafi. Hoton baƙi da fari ne, amma aji bayan aji na tsaya gaban allo na tabbatar wa yara cewa mayafin ja ne, har na gina bayani a kan abin da jan yake nufi. Babu wanda ya faɗa mini. Zuciyata ce ta yanke hukunci, ni kuma na zartar. To, ainihin zanen yana cikin gidan nan, a ɗaki na can ciki, shi kaɗai a bango.

Masu gidan suna da doka. Sun ja layi a ƙasa, taku biyu daga bango, ba a ƙetarewa, ba a kuma ɗaukar hoto. Idon ƙaninka kuwa yanzu ba ya gaisawa da abu sai hancinsa ya kusa taɓa shi. Na tsaya a bayan layin, hannu a baya kamar yadda masana ke tsayawa, na ga wani duhu da na ɗauka kwalekwalen ne, da wani haske da na ɗauka ruwan ne. Matar ban same ta ba. Na bar ƙafafuna a inda doka ta ce, na miƙa wuya, na ƙara miƙawa, sai ƙararrawa ta fashe da kuka kamar an kama ɓarawo a kasuwa. Mai gadi ta zo cikin mutunci ta roƙe ni in ja baya, ta ce iska ma na'urar tana ji. Mutumin da ya hana ɗalibai ko tari a aji, shi ne ya tara wa kansa jama'a a ɗakin da ake raɗa.

Auta ta yi dariya har da hawaye, ta ce Baba ya kusa shiga kwalekwalen. Na yi amfani da damar na ɗana mata tarko, na tambaye ta cikin muryar mai jarrabawa me za ta ce game da launin da mai zanen ya zaɓar wa mayafin. Ta dube shi da kyau, ta ce gaskiya ya dace, kuma ni na fi ta sanin waɗannan abubuwa. Haka muka fito. Na tsallaka ƙasa guda, na tsaya taku biyu daga amsar, na dawo da tambayata a aljihu.

Za ka ce me ya hana in faɗa mata gaskiya. Ka san halinta, na mahaifiyarta ne, Allah Ya jiƙanta. Ranar da ta sani, ranar zan zama fursunan ƙauna a hawa na sama, a ɗaki mai santsin daɓe, inda ko makunnin fitila sai na yi lalube. A nan duhu zai same ni baƙo. A gida kuwa ƙafata ta san kowane tudu daga ƙofar ɗakina zuwa bakin titi.

Don haka ga roƙona, kuma ban saba roƙonka ba. Ka kira ta ka ce kana bukatata da gaggawa. Ka ƙirƙiro dalili, kai ne babba, ba za ta musa maka ba. Idan na iso na zauna, ni da bakina zan sanar da ita.

Ka gaishe mini da Gwaggo, da Kawu mai rediyo, da uwargidanka, da Ƙaramar Inna da yaranta. Ka kuma faɗa wa Gwaggo, na ji tana shirin gyara mini ɗaki kafin in dawo. Na gode, amma don Allah ta bari. Kujerar nan da take cewa ta tare hanya, da tulin littattafan bakin gado, da butar bayan ƙofa, kada a gusar da ko ɗaya. A inda na bar su na haddace su.

Ƙaninka, wanda har yanzu kuke kira Sarkin Karatu.